“Babu Kolestarol”: Abin da Kwalbar Mai ke Faɗa da Abin da Ta Yi Shiru a Kai

Duk wanda ya shiga kantunan da ke jere daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Court Road, ko ya leƙa rumfunan masu kayan miya a kasuwar Tarauni da shagunan cikin unguwar Daurawa, zai ga jarkoki da kwalaben man girki kala-kala. Da yawansu na ɗauke da hoton zuciya, ga kuma rubutu da manyan baƙaƙe: “Cholesterol Free”, wato babu kolestarol. A ’yan shekarun nan an ƙara wa tallar gishiri. Yanzu har ana cewa man gyaɗa da man riɗi da na waken suya suna ɗauke da wani sinadari, sitarol na tsirrai, wanda wai yake wanke jijiyoyin jini ya kori ciwon zuciya.

Unguwannin nan maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, kuma mutane da dama da likita ya ce wa kitsen jininsu ya hau, a waɗannan shaguna suke tsayawa kan hanyarsu ta komawa gida su zaɓi mai. Wanda ya gaskata cewa kwalba za ta yi masa aikin ƙwayar magani, yana iya ajiye maganin. Shi ya sa ya kamata a zauna a auna maganar nan da sikelin ilimi, a ga nawa ne gaskiya a cikinta, nawa ne kuma daɗin bakin mai talla.

Mene ne sitarol ɗin tsirrai?

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum da dabba tana da wata fata da ta kewaye ta, kuma kolestarol na cikin kayan ginin wannan fata. Da shi ne jiki ke haɗa bitamin D da ruwan matsarmama da wasu sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa. Hanta da sauran sassan jiki ne ke ƙera mafi yawansa. Abinci, kamar ƙwai da nama da man shanu, ƙari kawai yake yi.

Su ma tsirrai suna da nasu kayan ginin. Sunansu sitarol na tsirrai, kuma ukun da suka fi yawa su ne beta-sitositarol, kamfestarol da sitigmastarol. Idan aka zana siffarsu kusa da ta kolestarol, sai mai ido sosai ne zai ga bambancin: wani ɗan reshe ne kawai ya ƙaru a gefe. Da yake sinadarai ne masu narkewa cikin mai, an fi samun su a ’ya’yan amfanin gona masu mai, irin su gyaɗa, riɗi, waken suya da angurya.

Wannan kamannin shi ne sirrin aikinsu. Kafin kolestarol ya shiga jini daga hanji, dole ya hau wasu ’yan ƙananan ƙunsoshi da ruwan matsarmama ke haɗawa. Ku ɗauke su kamar Adaidaita Sahu mai ƙayyadaddun kujeru. Idan sitarol ɗin tsiro ya riga ya zauna, wani kaso na kolestarol zai rasa wuri, ya wuce da bahaya. Shi kuwa sitarol ɗin, ko ya isa bangon hanji, akwai wasu masu gadi biyu da masana ke kira ABCG5 da ABCG8 da ke tura mafi yawansa waje. Jiki na tsotse kusan rabin kolestarol ɗin da ya shiga hanji, amma na tsirrai ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne ke shiga jini.

Inda masu tallar suka yi gaskiya

Kada a yi tuya a manta da albasa: maganar tana da tushe. Tun a 1951 wani mai bincike a Amurka, D. W. Peterson, ya nuna cewa kajin da aka ba sitarol na waken suya kolestarol ɗinsu bai hau ba kamar na sauran. A 1953 O. J. Pollak ya ga irin haka a jikin mutane. Kamfanin Eli Lilly ma ya sayar da shi a matsayin magani da sunan Cytellin tun cikin shekarun 1950.

Abin ya sake tashi a 1995, lokacin da Tatu Miettinen da abokan aikinsa a ƙasar Finlan suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 153. An ba wasu bota ta tsirrai da aka ƙara wa sitanol, ɗan’uwan sitarol, har shekara guda, kuma kolestarol ɗinsu nau’in LDL, wanda ake kira mugun kolestarol saboda shi ke taruwa a bangon jijiya, ya sauka da kusan kashi 14 cikin 100. A shekarar ne kamfanin Raisio ya fitar da Benecol kasuwa. A 2000 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa rubuta wannan amfani a jikin kayan da aka ƙara wa sinadarin. A 2014 aka tattara gwaje-gwaje 124 wuri guda, aka ga cewa cin tsakanin giram 0.6 zuwa 3.3 a rana yana rage LDL da kashi 6 zuwa 12 cikin 100.

To, ke nan babu gardama kan cewa sinadarin na aiki. Gardamar tana kan adadi, kuma nan ne tallar ke yin gum.

Mu yi lissafin kwalba

Adadin da aka fi gwadawa, wanda kuma hukumomi ke ambata, shi ne kusan giram 2 a rana, wato miligiram 2,000. Da shi ake samun ragin LDL na kusan kashi 10 cikin 100 cikin ’yan makonni. Abincin yau da kullum kuwa, a yawancin ƙasashen da aka auna, miligiram 200 zuwa 400 yake bai wa mutum.

Yanzu nawa ne a cikin mai? Ƙa’idojin abinci na duniya, Codex, waɗanda hukumomin FAO da WHO ke kula da su, sun ba da iyakokin da ake samu a ɗanyen mai. A kowane giram 100: man gyaɗa miligiram 90 zuwa 290, man waken suya 180 zuwa 450, man angurya 270 zuwa 640, man riɗi daga 450 zuwa sama, manja kuma 30 zuwa 70 kacal.

Mu ɗauki man gyaɗa a kan miligiram 200. Babban cokali ɗaya giram 14 ne, ke nan sitarol miligiram 28. Wanda ya ci cokali uku a rana ya samu 84, kashi 4 cikin 100 na abin da ake buƙata. Kafin ya cika giram 2 sai ya kwankwaɗi kilo guda na mai, sama da lita ɗaya, kullum. Kilo ɗin nan na ɗauke da kalori kusan 9,000, abincin kwana huɗu na babban mutum. Idan manja ne, kilo huɗu ake magana. Riɗi, wanda ya fi kowa a cikin amfanin gonarmu, ƙwayarsa na da kusan miligiram 400 a giram 100, don haka sai an ci rabin kilo a rana. Wa zai iya?

Kayan da aka yi waɗancan gwaje-gwaje da su ba man kasuwa ba ne. Ana tace sitarol ɗin ne daga ragowar da ke fita wajen sarrafa man waken suya a masana’anta, ko daga man itacen da ake yin takarda da shi, a tattara shi ya yi kauri, sannan a zuba a bota ko yogot. Ɗaukar sakamakon irin wannan kaya a liƙa wa jarkar man girki, kamar a ce tunda akwai zinare a ƙasar Zamfara, duk wanda ya ɗebi yashinta ya yi arziki.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa ƙaramin adadin ma ba banza ba ne. A 2002 Richard Ostlund da tawagarsa a Amurka sun cire sitarol daga man masara suka ba mutane, sai tsotsar kolestarol a hanji ta ƙaru da kashi 38 cikin 100. Da suka mayar da miligiram 150, ta ragu da kashi 12. Wannan ya nuna abin da ke cikin abinci na taimakawa daidai gwargwado. Taimako ne irin na abinci mai kyau, bai kai matsayin magani ba.

“Babu kolestarol” ba labari ba ne

Mu koma kan rubutun jikin kwalba. Kolestarol na dabbobi ne. Man da ya fito daga tsiro, kowane iri ne, abin da ke cikinsa ɗan ɓurɓushi ne da bai taka kara ya karya ba. Man gyaɗar da mai ƙuli-ƙuli ta matse a gida babu shi, manja babu shi, mai tsada na babban kanti ma haka. Wanda ya rubuta wannan a kwalbarsa kamar mai sayar da ruwan leda ne da ya buga “babu ƙashi” a jikin ledar. Bai yi ƙarya ba, amma ya sa mai saye ya ɗauka na maƙwabcinsa akwai.

Abin da ya fi ɗaga LDL a jini daga ɓangaren abinci shi ne kitse mai daskarewa. Idan ya yi yawa, hanta na rage kwashe LDL daga jini. A nan ne mayuka suka sha bamban ƙwarai. Kusan rabin manja irin wannan kitse ne. Farin man da ake tacewa daga kwakwar manja yana da sama da kashi 40 cikin 100. Man gyaɗa na gaske bai kai kashi 20 ba, na waken suya da na riɗi kuma wajen kashi 15. Man shanu ya haura kashi 60.

Saboda haka ne ƙa’idar Codex ta 1997 kan da’awar abinci ta gindaya sharaɗi: kafin a rubuta “babu kolestarol”, dole kitse mai daskarewa a abincin ya yi ƙasa da giram 1.5 a giram 100. Ku duba alƙaluman da ke sama. Babu man girkin da ya kusanci wannan iyaka. Waɗanda suka tsara ƙa’idar sun san rubutun na iya yaudarar mai saye, shi ya sa suka toshe ƙofar.

Ga kuma wata matsala tamu ta gida. A bakin mutanen Kano, duk farin mai sunansa “man gyaɗa”. Sunan ya samo asali tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara dalar gyaɗa. Cutar da ta afka wa gonaki a 1975, bayan fari na farkon shekarun 1970, ta durƙusar da noman, amma sunan ya zauna. Yau da yawa daga abin da ake aunawa a kwalba daga manyan jarkoki da wannan suna, man kwakwar manja ne da aka tace. Shi ne wanda ke yin barci da sanyin hunturu. Mutane kan ce barcin alamar kolestarol ne. A’a, kitse mai daskarewa ne ke nuna kansa. Gwajin bai cika zama daidai ba, domin man gyaɗa na gaske ma yakan yi gajimare idan sanyi ya tsananta, amma wanda ya daskare ya yi fari a ɗaki da safiyar Janairu ya ba ka amsa. Wato mai saye na iya biyan kuɗin gyaɗa, ya tafi gida da man da ya fi ƙarancin sitarol kuma ya fi yawan kitsen da ake gudu.

Rage lamba daban, tsawon rai daban

Ko da mutum ya samu giram 2 ɗin, akwai tambayar da ta rage. Shin saukar LDL ta wannan hanya na hana bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki? Ga magungunan da ake kira sitatin an yi wannan gwaji. A 1994 binciken da aka sani da 4S, wanda ya bi masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai sama da shekara biyar, ya nuna maganin simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin 100. Ga sitarol na tsirrai ba a yi babban gwaji irin wannan ba. Lambar da ke takardar gwajin jini ce aka ga ta sauka.

Shi ya sa masana suka rabu. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai, a ƙa’idojinsu na 2019, sun ce ana iya amfani da shi ga wasu rukunin mutane, misali a matsayin ƙari kan magani. Hukumar NICE ta Ingila kuwa tun 2014 ta ce kada likitoci su ba da shawarar cin sa don rigakafin ciwon zuciya, saboda rashin hujjar da ta kai. Duk wanda ya ce maka kimiyya ta gama magana a nan, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba. Sitatin na iya rage LDL da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 ko fiye. Sauya shi da cokalin mai asara ce tsantsa.

Akwai kuma waɗanda bai dace da su ba. A 1974 likitoci biyu, Bhattacharyya da Connor, suka bayyana wata cuta ta gado da ba ta da yawa, sitositarolemiya, inda masu gadin hanjin nan biyu ba sa aiki. Sitarol ɗin tsirrai na taruwa a jinin masu ita, jijiyoyinsu na toshewa tun suna yara. Sannan yawan cin kayan da aka ƙara wa sitarol na rage beta-karotin a jini, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a rubuta cewa kayan ba lallai su dace da masu juna biyu, masu shayarwa da yara ’yan ƙasa da shekara biyar ba. A yankin da ƙarancin bitamin A ke damun yara, wannan gargaɗi ya fi nauyi.

Wace cuta ce ta fi cin mu?

Tallar ta taho ne daga ƙasashen da toshewar jijiyar zuciya ke kan gaba. Namu hoton ya ɗan bambanta. Binciken THESUS-HF da aka buga a 2012 ya duba marasa lafiya 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Kano. Hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyar zuciya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Ghana, wanda Asibitin Malam Aminu Kano na cikin cibiyoyinsa, ya fito a 2018 da sakamakon cewa hawan jini ne babban dalili da tazara mai nisa. Matsalar kitsen jini ta biyo baya, an kuma ga hannun ƙarin gishiri a abinci da rashin cin ganye.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da kolestarol. Yana nufin magidancin da ya ƙara kuɗi ya sayi kwalba mai hoton zuciya, alhali bai san awon jininsa ba, tukunyar gidansa kuma cike take da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ya tsare taga ya bar ƙofa a buɗe. WHO ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da yajin tsire.

To, me za a yi a kasuwa da kicin?

Na farko, a juya kwalbar. Gaban kwalba na mai talla ne, bayanta ne na mai saye. A duba daga wane tsiro aka yi man, da yawan kitse mai daskarewa. A duba lambar NAFDAC da alamar ido da ke nuna an ƙara bitamin A, wanda Najeriya ta wajabta a man girki tun 2002. Dokar mai da kitse da aka fitar a 2023 ta kuma taƙaita kitsen tirans, wanda ya fi kowane illa ga zuciya, zuwa giram 2 a kowane giram 100 na kitse. Man da ake aunawa daga jarka marar suna ba ya ba ka ko ɗaya daga waɗannan bayanai.

Na biyu, amfanin man gyaɗa ko na suya na fitowa ne idan ya maye gurbin kitse, kakiɗe ko man shanu. Idan ƙari aka yi a kansu, ƙiba ce ribar. Kuma man da aka soya ƙosai da awara da shi, aka sake, aka kuma sakewa har ya yi baƙi, ya lalace ko da daga wane tsiro ya fito. Sitarol ɗin cikinsa ma zafi na canza shi.

Na uku, ƙwayar ta fi man. Gyaɗa, riɗi da wake na zuwa da furotin da harza da sauran abubuwan gina jiki tare da sitarol ɗinsu. Kunun gyaɗa marar sukari da yawa, miyar taushe, miyar riɗi, ɗan dunƙulen gyaɗa a madadin biskit, duk hanyoyi ne da iyayenmu suka sani. Buhunan riɗin da ake lodawa a kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje na cikin abinci mafi yawan sitarol a duniya, amma a tukwanenmu bai samu matsayin da ya kamata ba. Sai dai a kula da gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci. Tana iya ɗauke da gubar afulatoksin mai jawo kansar hanta, wadda aka gano bayan talo-talo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 daga cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A tsince, a zubar da marar kyau, a ajiye sauran a busasshen wuri.

Na huɗu, wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da sha. Idan yana son gwada kayan da aka ƙara wa sitarol, ya faɗa wa likitansa, a auna jini kafin da bayan wata biyu ko uku, a ga ko kuɗin ya biya.

Akwai kuma aiki a gaban masu bincike na gida. Cibiyar IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar da irin gyaɗa na SAMNUT da manoma ke shukawa, ga ofishin ICRISAT a Kano, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami’ar Bayero. Yawan sitarol na canzawa da iri, da ƙasa, da yadda aka matse man, kuma tacewar masana’anta na rage shi. Auna wannan a irin da muke nomawa, da gwada abin da ke cikin jarkokin kasuwannin Kano a ga nawa ne gyaɗa ta gaske, aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya, kuma zai amfani mai saye fiye da kowane hoton zuciya. Hukumomi su ma suna da hurumin tambayar kamfanoni hujjar abin da suke bugawa a gaban kwalba.

Hukuncinmu a taƙaice: sitarol na tsirrai na rage LDL idan an ci giram 2 a rana, man girki ba zai taɓa kai mutum wannan adadi ba, kuma “babu kolestarol” siffa ce ta kowane man tsiro, mai kyau da marar kyau. Kafin ka ƙara ko sisi a kan kwalba saboda wannan rubutu, je ka a auna maka hawan jini. A yawancin kemis da asibitocin unguwa, minti biyar ya isa.